Alloli Tara a Ɗakin Baba

Hannun Baba na dama yana kwance a kan zanin gado, tafin yana kallon sama, kamar wani ne ya ajiye shi a wurin ya manta. Auta ta gyara masa matashi, ta goge masa gefen baki da tawul, ta koma kan kujerar roba da ke kusa da taga. Ƙarfe biyu da kwata. Mama ba za ta taso daga masaƙa ba sai shida.

Sati uku ke nan da aka sallamo shi daga asibiti. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi yana kan tsani, yana ja wa wani sabon gini wayar lantarki, ya tafi da gefensa na dama, ya haɗa da maganarsa. Yaya yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Mama ta nemi a mayar da ita aikin rana don ta zauna da shi da safe. Saboda haka daga tashi makaranta har shida, Baba yana hannun Auta, mai shekara goma sha biyar.

"Ki riƙa yi masa hira," in ji mai gashin ƙashi, wata gajeriyar mata mai yawan dariya da ke zuwa Talata da Asabar. "Bakin ne kawai ya ƙi. Kunnen nan kuwa ras yake, har gulmarku yana ji."

To amma me za ta ce masa? Tun tasowarta, maganar da ke shiga tsakaninta da Baba ba ta wuce gaisuwa, da kawo ruwa, da ina sakamakon jarrabawa. Ranar farko ta gaya masa an canja musu malamin lissafi. Ta gaya masa famfon makaranta ya fashe. Shi ke nan zance ya ƙare, sai ƙugin fanka.

Littafin kuwa yana cikin jakarta, ta naɗe bangonsa da tsohuwar kalanda. Shi ne na huɗu cikin jerin littattafai biyar. Labarin wasu alloli tara ne da suka raba duniya a tsakaninsu suka ɓata, da wani tsohon matsafi mai gemun tagulla wanda ya sace sunan allan ruwan sama ya kulle a cikin ƙararrawa, har ruwa ya ɗauke shekara arba'in. Sai ƴar wani mai kwalekwale, wadda koginsu ya ƙafe, ta ɗauki hanya don ta ƙwato sunan. Auta ta san duniyar nan fiye da unguwarsu. Ta zana taswirarta a bayan littafin darasi, da duwatsunta da mashigunta. Sau biyu motar haya tana wucewa da ita har tasha ta ƙarshe saboda ta kasa ɗaga kai daga shafi. In ta rufe littafin, sai ta ɗan jima kafin ta tuna a wace rana ake.

"Kin haddace kakannin aljanu kaf," Mama kan ce, "amma a tambaye ki inda tsintsiya take, sai ido."

Mama dariya take yi wa abin. Baba bai yi ba. Shekara biyu da suka wuce ya tsinci na biyu a ƙarƙashin katifarta, da hoton wani mai ƙahon walƙiya a bango. Bai daka tsawa ba, bai ɗaga hannu ba. Takalminsa ya saka, ya ce ta biyo shi. Suka taka har laburare, yana gaba tana baya. A gaban teburin tsohon da ke kula da wurin ya ajiye littafin, ya ce ta miƙa katinta.

"Allah ɗaya na sani," ya ce wa tsohon. "Ba za a tara min guda tara a ƙarƙashin katifa ba."

Wasu ɗalibai da ke karatu suka ƙunshe dariya. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai bayan wata biyar, da tsohon ya gaji da ganin tana ratsowa ta gaban tagarsa tana leƙe, ya fara ara mata da nasa katin.

A rana ta shida da zaman shirun nan, ta ciro littafin ta buɗe a cinyarta. Ta karanta shafi biyu a zuci. Ta ɗago ta dubi Baba. Idonsa yana kan silin. An ce ta yi masa magana, ko ba haka ba? Wani abu mai ɗaci, wanda ya kwana biyu a ƙirjinta, ya taso mata. Ta gyara murya.

"Allan wuta ya sauko daga dutse, ƙasa tana narkewa a ƙarƙashin sawunsa."

Ta dakata. Ba abin da ya faru. Fanka ta ci gaba da juyawa. Baba bai iya ce mata ta rufe baki ba, ita ma ta san da haka. Ta ci gaba har ƙarshen babin.

Ta fara ne don ramuwa, ba ta ɓoye wa kanta wannan ba. Amma ramuwar ba ta yi ƙarko ba. A kwana na uku ta lura ta jefa shi tsakiyar labari, bai san kowa ba, sai ta rufe littafin da yatsa a ciki.

"Baba, ka ga wannan da ke magana, ƙanen allan wuta ne, amma ba uwarsu ɗaya ba, shi ya sa ba sa shiri. Matsafin kuma ba mugu ba ne tun asali. Ruwa ne ya ci masa ɗa."

Ta ɗauko taswirarta ta riƙe masa a gaban ido, tana nuna masa hanya da biro. Ta ƙirƙiro wa matsafin murya mai kauri, ta ba allan iska ƴar siririya. In ta zo wurin dariya sai ta yi ta yi ita kaɗai har da buga ƙafa. Tsakanin babi da babi ta ba shi ruwa da cokali, ta juya shi ɗaya gefen yadda aka koya mata, ta shafa masa mai a diddige. A cikin sati huɗu ta yi masa maganar da ba ta yi masa ba a shekara goma sha biyar. Wani lokaci idonsa kan bar silin ya sauka a kanta. Wani lokaci hawaye kan gangaro masa, amma likita ya riga ya ce idon dama zai riƙa zubar da ruwa haka kawai.

Sun shiga littafi na biyar lokacin da mai gashin ƙashi ta zo da sabuwar dabara. Ta sa hannunta cikin hannunsa na hagu.

"Maigida, in e ne, ka matsa sau ɗaya. In a'a ne, sau biyu. Kana jin yunwa?"

Ya matsa sau biyu. Matar ta yi shewa. "Kun ga? Yau ya fara musu, sauƙi ya zo."

Gida ya cika da tambayoyi. Mama tana tambayarsa ko bayansa na ciwo, ko a kira Yaya a waya, ko shayin ya yi zafi. Wani lokaci amsar takan fito sarai. Wani lokaci, in ya gaji, yatsun kan yi rawa kawai, sai a bar shi ya huta. Auta ma tana tambayarsa ruwa da fanka da labule. Tambaya ɗaya ce ba ta yi ba. Kullum sai ta ce gobe. In za ta fara karatu, sai ta ja kujerarta can gefen dama, inda hannun ba ya motsi.

Wata Alhamis injin masaƙa ya lalace, aka sallami ma'aikata tun ƙarfe huɗu. Auta tana tsaye a tsakiyar ɗaki, littafi a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana tuƙa iska. Ƴar mai kwalekwale ta iso bakin baƙin tafkin da ke gindin dutsen alloli, ta tura tsohon jirgin ubanta cikin ruwa, ga shi yana yoyo. Auta ta juya don ta kwaikwayi igiyar ruwa, sai ta ga Mama a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. Ba ta san tun yaushe take wurin ba.

"Zo," in ji Mama.

A kicin ta tura ƙofa, ta rage murya. "Tun yaushe?"

"An ce in riƙa yi masa magana."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Sati shida."

Mama ta zauna a kan kujera. "Kin san ba ya so. Da ƙafarsa ya taka ya mayar da abin nan. Yanzu don bakinsa ya mutu, sai ki zaunar da shi ki ɗura masa? Ko ruwa ba ma ba shi sai mun tambaye shi, Auta."

"Yana saurare, Mama. Wallahi yana kallona."

"Ina za shi in bai saurara ba?"

Auta ta fashe da kuka. Mama ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta miƙa mata gefen gyalenta. "Share fuskarki. Je ki tambaye shi."

Ta zagaya gefen hagu, ta durƙusa a bakin gado. Hannun yana da ɗumi, da kantar shekara talatin na riƙon filaya. Rabon da ta riƙe shi haka kawai, ba don ta juya shi ko ta goge shi ba, har ta manta.

"Baba, littafin nan da nake karanta maka, irin wanda ka hana ni ne. Na san ka gane. Ka yi haƙuri." Ta gyara riƙon hannun. "In daina?"

Ya dube ta. Yatsunsa suka rufe a kan nata, da ƙarfi, sau ɗaya. Ta jira. Ta ƙirga numfashinsa, ɗaya, biyu, uku. Can sai ta ji wani motsi, ɗan kaɗan, babban yatsa ya danna bayan hannunta ya saki. Matsawa ce ta biyu, ko rawar nan ce da hannun ke yi in ya gaji?

"Baba, ban gane ba. In daina?"

Ya lumshe ido. Hannun ya saki gaba ɗaya.

"Me ya ce?" Mama ta tambaya daga bakin ƙofa.

Auta ta san amsar da take so, ta san kuma irin tsananin son da take yi mata. Wannan ne ya tsorata ta. Sati shida tana fassara shirunsa yadda ya yi mata daɗi.

"Ya ce in daina."

Ta daina. Washegari ta zo da jarida ta karanta masa labarin gyaran hanya da na wasan ƙwallo. Ya juya fuskarsa wajen bango. Ko barci yake ji, ko haushi, ko kuwa wuyansa ne ya gaji, ba ta sani ba. Sau da yawa takan zagaya gefen hagu da niyyar sake tambaya, sai ta ƙare da cewa, "A ƙara fanka?" Ta ce za ta bari ya ƙara ƙarfi tukuna, hannun ya daina rawa.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka, tana aji ana darasi na biyu, aka leƙo aka kira ta ofishin shugabar makaranta. Ciwon ya sake bugunsa da hantsi, Mama tana ba shi shayi. Kafin Auta ta isa asibiti an riga an rufe masa fuska.

Da baƙi suka watse, Yaya ya koma wurin aikinsa, ita da Mama suka shiga ɗakin don su kwashe kaya. An jingine katifar a bango. Mama tana ciro rigunan aikinsa daga durowa tana miƙo mata, ita tana ninkewa tana sawa a kwali. A aljihun wata rigar suka sami guntun tef na naɗe waya da fensir da aka fere da wuƙa.

"Mama," in ji Auta, idonta a kan rigar, "ranar nan da kika tsaya a ƙofa, kin ga hannunsa?"

"Fuskarsa nake kallo."

"Me kika gani?"

Mama ta daɗe tana gyara wuyan rigar da ke hannunta. "Shekara ashirin da shida ina zaune da mutumin nan. In ya ji daɗin abu, haka fuskar take. In ransa ya ɓaci, haka take. Sai dai in ya faɗa."

Suka ci gaba da ninki. A waje wani yana ta fama da babur ɗin da ya ƙi tashi. Kwalin ya cika, Mama ta janyo wani.

"Ita yarinyar nan," ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "mai jirgin da ke yoyo. Ta haye kuwa?"

"Ban sani ba, Mama. A nan muka tsaya."

Mama ta gyaɗa kai, ta miƙo mata wata rigar.