Haruffa Shida Daga Majanyi

Tun da gari ya waye Ma'u ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta koma ta sake share inda ta riga ta share. Ta ɗora ruwan koko, sai da ta gaji da jiran tafasarsa ta lura ba ta kunna wuta ba. Duk inda ta juya kuwa, idonta sai ya koma kan wata baƙar leda da ke ajiye a teburin keken ɗinkinta yau kwana uku.

A Shahuci in ka ce gidan Ma'u mai haruffa, ba ka buƙatar ƙarin kwatance. Rigunan sanyi masu hula, waɗanda samarin yanzu ke ce wa hudi, su ne sana'arta. Ɗalibai masu gama jami'a da 'yan ƙwallon unguwa su kawo mata su jibge, ita kuma ta yanka haruffa manya daga wani yadi daban, ta manna a ƙirjin riga, ta bi gefensu da keken zigzag har zare ya rufe bakin ƙyallen ruf. Tana da doka guda wadda ba ta karyawa: ba ta miƙa wa mutum riga sai ta ɗaga ta, ta karanta sunan da ƙarfi a gabansa. Ta kafa dokar ne tun ranar da ta ba wani Salisu rigar wani Yusuf, aka kusa dambe a ƙofar gidanta.

To, rigar da ke cikin ledar nan ta Gidaɗo ce, ɗanta na fari. Nan gizo yake saƙa.

Su Ma'u Fulani ne. Shanu sun daɗe da ƙarewa, Fillancin ma sai 'yan gaishe-gaishe, amma kunyar ɗan fari tana nan daram kamar jiya aka baro ruga. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kama sunansa a bakinta ba. In za ta kira shi sai ta ce “kai”, in za ta yi zancensa sai ta ce “wancan”. Ranar da aka yaye shi, surukarta 'Yardada ta ɗauke shi ta kai ɗakinta, can ya tashi. Shi ma bai taɓa ce mata Umma ba, Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. Gida ɗaya suke kwana suke tashi, amma in ya shigo ta nan, ita sai ta tuna tana da aiki ta can.

Yanzu ga shi ya samu gurbin ƙaro karatu a Rasha, shekara huɗu. Yau da la'asar mota za ta zo ta kai shi filin jirgi.

Shekaranjiya waccan ya shigo ya ajiye ledar a gabanta.

“Adda, an ce sanyin garin har ƙanƙara yake zubarwa. A sa mini sunana a wannan.”

Ba ta ko ɗago ba. “Aiki ya yi mini yawa. Ka kai wa masu injin kwamfuta a Mandawari, minti goma sun gama.”

“In na can nake so, ai da can na kai,” ya ce, ya fice ya bar ledar.

Da yammacin ranar tana tankaɗe a bakin madafa ta jiyo shi a ɗakin kakarsa. Ba da faɗa yake magana ba, kuma da faɗan ne da ya fi mata sauƙi. Cewa ya yi, “Inna, sunan 'ya'yan mutane nawa ta ɗinka? Ni fa ban sani ba ko in na tafi za ta lura na tafi.”

Maganar nan ita ta hana Ma'u sakat. Tana son yaron nan, so irin wanda har ciwo yake sa mata a ƙirji. Ta san ranar da ya fara haƙori, ta san ba ya cin kuɓewa, ta san takunsa tun daga zaure. Amma kekenta a rumfar tsakar gida yake, daidai saitin tabarmar 'Yardada. Ta yaya za ta baje sunan ɗan fari, harafi kamar tafin hannu, a gaban uwar mijinta? Kwana biyu tana ɗaukar ledar tana ajiyewa. Yau dai kwana ya ƙare, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wajen ƙarfe goma Gidaɗo ya fita yi wa dangi sallama. 'Yardada ta gama karin kumallo ta shige ɗaki ta kishingiɗa. Ma'u ta yi wuf ta zazzage ledar. Riga ce shuɗiya mai duhu, mai kauri, da babban aljihu a gaba.

Ta jawo buhun ƙyallayenta. Ta ɗora fari a ƙirjin rigar, ta ga irin na kowa ne. Ta gwada ruwan ɗorawa, ta ga kamar na 'yan ƙwallo. Ja, kore, ruwan toka, duk ta watsar. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa. Can sai ta tsinci kanta a ɗaki durƙushe gaban tsohuwar akwatin aurenta. A can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa, majanyin yana nan a naɗe. Saƙi ne na hannu, fari da ratsin baƙi, wanda ta goya Gidaɗo da shi wata goma sha tara. Ƙannensa huɗu duk da wani ta goya su.

Ta daɗe riƙe da almakashi kafin ta iya sa masa baki.

Da ta fara kuma sai hannu ya karɓi aikinsa. Tsohon saƙi zarewa yake yi, don haka ta goge masa takardar gam ta baya da dutsen guga, ta zana haruffa shida, ta yanke su ɗaya bayan ɗaya. Ta sa ƙyallen tauri ta cikin rigar, domin yadin hudi talewa yake kamar danƙo, in ba ka tare shi ba ɗinki ya tattare. Ta ɗame ƙirjin a zoben katako, ta naɗe hular baya ta kama da fil kada allura ta haɗa da ita. Sannan ta jera haruffan, ta auna da tef, ta ɗaga, ta sake jerawa. Ita da take jera suna da ido kawai, yau sau huɗu tana awo.

Keke ya ɗauki ƙara. Tana ɗinki tana waiwayen labulen 'Yardada, kamar mai satar nama a tukunya. Harafin farko ya fita tsaf, na biyu, na uku, na huɗu. Ana kiran azahar ta yi salla a gurguje ta dawo. Ta shiga na biyar, ta kai rabinsa ke nan keken ya yi wani gurnani ya tsaya. An ɗauke wuta.

“Inna lillahi,” ta ce, ta dafe kai.

Ta leƙa zaure ko ƙwan fitilar maƙwabta yana ci, babu. Ta ja igiyar ɗan janaretonsu har kafaɗarta ta riƙe, ko tari bai yi ba. Ta sa hijabi za ta kai wa telolin Ƙofar Ɗan Agundi masu sola, ta kai bakin ƙofa ta tuna maza ne cike da shagon, kuma duk sun san ɗan wane ne mai sunan. Ta cire hijabin. Ta sake sawa. Agogon wayarta ya nuna biyu da kwata.

Dabara ɗaya ta rage. Ta zare bel ɗin keken, ta fara juya kan keken da hannun dama, tana tuƙa zoben da hagu. Amma lanƙwasar harafi hannu biyu take so. Allura ta zame ta ci gefe, ta tsaya ta farke, ta sake, ta sake zamewa. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Hawayen da take ta dannewa tun safe suka fara neman hanya.

“Matsa mini kujerar nan.”

Ma'u ta zabura. 'Yardada ce tsaye a kanta, dafe da sandarta. Da sauri ta ja hular rigar ta rufe haruffan, abin dariya, tun da tsohuwar ko alif na boko ba ta sani ba. Sai dai ba haruffan take kallo ba. Ragowar majanyin take kallo, wanda ke yashe a gefen tebur duk ramukan almakashi.

Tsohuwar ta ɗauka ta murza shi a yatsunta. “Ni na saye shi a hannun wani masaƙi, kina da ciki wata bakwai. Na zaci ya daɗe da ɓata.”

Ma'u ta sunkuyar da kai, ta rasa inda za ta sa ranta. Ta jira faɗa, ko abin da ya fi faɗa ciwo, wato a ce 'ya'yan zamani ba su da ta-ido.

'Yardada ta zauna da ƙyar, ta jingine sandar, ta kama kan keken. “Nan ake juyawa? To kama aikinki.”

Haka suka yi. Tsohuwa na juyawa, Ma'u na tuƙa zobe da hannu biyu, allura na sauka ɗaya-ɗaya kamar ɗigon ruwan indararo. Aikin da wuta ke yi a minti biyar ya zama na awa guda. Hannun 'Yardada ya gaji ta canja ɗayan, ta ƙi a karɓe ta. Babu mai kallon wata. Sai da suka shiga harafin ƙarshe tsohuwar ta yi magana, idonta a kan allura.

“Nawa ɗan farin, mijinki, shekara hamsin da biyu ya yi a duniya. Ranar da jikinsa ya tsananta ina bakin gadon. Ya ce, Inna, Inna. Na buɗe baki in amsa masa da sunansa, kunya ta riƙe ni. Na ce bari gobe.” Ta ci gaba da juyawa. “Yanzu kullum sai na kira Ɗalha a ɗakin can. Wa zai amsa?”

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam Ɗalha, kuma yau ne karo na farko da Ma'u ta ji sunansa a bakin uwarsa. Ta ci gaba da tuƙa zoben, don harafi bai rufe ba.

Ana kiran la'asar suka kai ƙarshen zagayen. Kafin ta gama cire zoben da fil ɗin, gida ya cika. Ƙannen Gidaɗo sun dawo, 'yan rakiya sun tsaya a zaure, ana fitar da akwatuna, direba yana ta danna ham a bakin lungu. Gidaɗo ya shigo daga masallaci, ya durƙusa gaban kakarsa ta yi masa addu'a, har da tsokanar kada ya kawo mata kishiya jar fata. Sannan ya juyo wajen rumfa.

“Adda, zan tafi.”

Ta miƙa masa rigar a ninke, fuskarta a gefe. “Allah ya tsare. Ka riƙe salla.”

Ya warware ta. Ya ga sunansa shimfiɗe a ƙirji, fari da ratsin baƙi, gefen ya sha zare. Ya shafa haruffan, ya ji yadin ba irin na kanti ba ne.

“Majanyinka ne,” in ji 'Yardada daga kan tabarma. “Da shi ta goya ka. Ni kaina ban san tana ajiye da shi ba.”

Gidaɗo ya sake shafa haruffan. Duk zafin ranar nan ya zura rigar a kan kaftaninsa. Sai Ma'u ta hango wani zare yana reto a harafin ƙarshe, kuma ita ba ta barin aiki ya fita da zare. Kafin ta yi tunani ta ɗauki almakashi ta matso.

“Tsaya cak, kada in soke ka.”

Ta dafa ƙirjinsa don ta kama zaren. Rabon da hannunta ya taɓa shi tun yana shan nono. Ta ji zuciyarsa tana bugawa da sauri ƙarƙashin majanyin. Ta datse zaren, za ta ja da baya, ya ce a hankali:

“Adda, ba ki karanta ba.”

Sai a lokacin ta gane abin da ya hana shi kai rigar Mandawari. Ya san dokarta sarai, a gabansa ta karanta sunayen 'ya'yan mutane ɗaruruwa. Direba ya sake danna ham. Ma'u ta saci kallon surukarta, sai ta ga tsohuwar ta juya baya, wai tana neman goronta a ƙarƙashin tabarma.

Ta ɗora yatsa a kan harafin farko, ta bi su har na shida, kamar yadda take yi wa kowa. Sannan ta karanta.

“Gidaɗo.”

“Na'am, Umma,” ya ce.