Godiyar da Mas'udu Ya Goge

Duk Bahaushen da ke sarin kaya a kasuwar Baima ta birnin Guangzhou ya san Mas'udu mai gyaran kwamfuta, ya kuma san jarabarsa. Ka kai masa gyaran maɓalli ɗaya, sai ya tsare ka da wa'azi: a cire manhajar sata, a sa ta kyauta wadda kowa zai iya leƙa cikinta ya ga abin da take yi. Shi ya buɗe wa 'yan kasuwa zaure a intanet, inda ake labarin farashi da biza. Dokarsa ɗaya ce: ban da sunan gaskiya, ban da adireshi. Wanda ya karya, a goge rubutunsa. Ya kuma tsara zauren yadda abin da aka goge ya tafi ke nan, ko shi ba ya iya dawo da shi.

"Kai dai ka cika tsoro," in ji mutane. "Wa zai zauna karatun Hausa a Guangzhou?"

Shekarar gasar Olamfik sabunta biza ya yi wuya, bincike ya tsananta. Bizar Alhaji Tankari, mutumin Maraɗi mai saro jakunkuna daga garin Shiling, ta ƙare. Da shi kaɗai ne da tuni ya tafi. Amma matarsa 'yar ƙasar ce, ga 'yarsu Amira mai shekara huɗu, in aka fitar da shi an raba su ke nan. Sai ya kulle kansa a ɗakin saman wani gidan abinci, wata biyu ko Juma'a ba ya fita.

Ana haka ƙanin Mas'udu, Shitu, ya yanke jiki ya faɗi a titin Liuhua Lu. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. A cikin Hausawan garin kaf Tankari ne ya iya wankan gawa da haɗa likkafani. Ba wanda ya aika masa. Ji kawai ya yi, ya ɗora hula ya fito da rana tsaka.

Ranar sadakar uku Mas'udu ya zauna rubuta godiya irin wadda ake bayarwa a rediyo a Kano, a jero kowa da sunansa. Wallahi ko tunawa da dokar bai yi ba, kuka yake. Ya rubuta: "Musamman Alhaji Tankari Maraɗi, wanda ya sauko daga ɗakinsa na saman gidan abincin layinmu ya suturta min ɗan'uwa." Ya sa a shafin farko na zauren, inda kowa ke gani. Kafin la'asar mutum sama da sittin sun rubuta a ƙasa, kowa na faɗin alherin da Tankari ya taɓa yi masa.

Kwana biyu tsakani masu duba takardu suka hau benen. Ko rubutun ne, ko wani ne ya kai tsegumi, Allah masani. Mas'udu dai ya san abin da ya rubuta. Nan take ya goge komai, amma ina, an riga an tafi da dattijon.

Bayan wata guda waya ta shigo daga Maraɗi. Tankari ne, an mayar da shi gida.

"Alhaji, ka yafe ni," in ji Mas'udu. "Ni na kai ka, da hannuna."

"Haba ɗana, bar wannan. Ko yau aka sake, zan fito. Abu guda nika roƙo. An ce mutane sun yi rubutu a kaina. Amira za ta tashi ba ta san ni ba. Ka buga shi a takarda ka kai wa uwatta, in yarinyar ta girma a karanta mata ta ji ko wane ne ubanta."

Mas'udu ya dubi shafin, fari fat. Rabin mutanen nan sun watse, wasu ma bai san sunansu na gaskiya ba.

"Alhaji, na goge. Ba ya dawowa."



"To," in ji Tankari a hankali. "Ka gaida min ita, in ka gan ta."