Sirdin da Aka Ɗaga wa Yidir

Kwana uku Assu bakanike ya yi yana fama da babur ɗin ƙanin matarsa. Injin lafiyarsa lau, mai babur ɗin ne matsalar. Yidir mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa a garin, nauyinsa ya haura kilo ɗari da ashirin. Ya je birnin Warzazat ya sayo irin babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu, wanda ke bin kwalta ya kuma hau dutse, don ya riƙa zuwa duba amyoyin zumarsa a kan tsauni. Ranar da ya kawo shi gareji, yana zama a kai bayan babur ɗin ya durƙushe kamar jakin da aka yi wa lodi biyu, gwiwoyinsa suna dungurar hannun babur.

"Dadda Assu, yi mini dabara," in ji Yidir, da yake Dadda yake ce masa, wato yaya. "Tafiyar minti goma na yi, bayana kamar an daka a turmi."

"Dabarar ɗaya ce, ka rage cin burodi."

"Ka gaya wa matarka, ita ke aiko mini da shi."

Assu ya cire sifirin ɗin baya ya sa mai kauri, ya yi ta ɗaure shi yana sa Yidir ya hau ya sauka, yana auna yadda babur ke lotsawa, har ya tsaya inda yake so. Ya zuba mai mai kauri a shokozoban gaba. Ya ɗaga hannun babur da yatsa uku, ya sauke matakan ƙafa, ya kai sirdin wurin mai ɗinkin kujeru aka ƙara masa soso mai tauri. Da aka gama, sirdin ya kai wa Assu kusan ƙirji. Shi gajere ne, kuma yana ɗingishi tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da babur ya kayar da shi a hanyar tsauni ya karye a ƙugu. Tun daga ranar, gwajin baburansa bai wuce kwaltar ƙofar gareji ba.

Bayan kwana biyu Yidir ya dawo da safe ya ce akwai wata ƙara da yake ji a ƙasa, amma sai a kan duwatsu take fitowa. Ya nace sai Assu ya hau bayansa ya ji da kunnensa. Assu ya kawo uzuri uku, babu wanda ya karɓu. A ƙarshe ya taka akwatin sifanu ya hau, ya rungume ƙugun Yidir, rabin hanyar idonsa a rufe. Ƙarar ma ba wani abu ba ce, notin farantin da ke kare cikin inji ne ya saki. Suna isa wurin amyoyin Assu ya ɗaure shi cikin minti biyu.

Yana kwance a gefen babur yana goge hannu ya ji Yidir ya ja numfashi da ƙarfi. Ya ɗago ya gan shi tsugune gaban wata amya, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu. Dutsen da yake danne murfin amyar da shi yana gefe, wani abu mai launin ƙasa yana sulalewa ƙarƙashin duwatsu.

"Kububuwa ce," in ji Yidir, muryarsa a kwance. "A gindin babban yatsa."

Assu ya ciro waya, babu sabis. Ya hau wani dutse ya ɗaga ta sama, babu. Ya san wurin: kilomita goma sha bakwai ne zuwa ƙauyen Imi inda ƙaramin asibiti yake, kuma ba kowa ke bin hanyar ba sai ranar kasuwa. Kafin ya sauko, hannun ya fara tashi. Da kyar suka zare zoben azurfa daga yatsan Yidir. Ya gwada damƙe totur, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa.

"Kai za ka ja mu, Dadda."

Assu ya dubi sirdin da shi da kansa ya ɗaga.

"Ƙafata ba ta kai ƙasa. Ka san ba ta kai."

"Tawa ta kai. Kai ka riƙe hannun babur, ni in zama ƙafafu. In za ka tsaya ka gaya mini."

Yidir ya fara hawa ya matsa baya, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa. Assu ya taka dutse ya haye gabansa, kusan a kan tanki. Ya kwance rawaninsa ya ɗaure su biyun a ƙugu, suka cusa hannun da aka sara cikin gaban rigar Yidir don kada ya yi lilo. Da Assu ya miƙa hannu, hannun babur ɗin ya yi masa nisa da tsayi, matakan kuma sai da kan yatsun ƙafa yake taɓa su. Ya yi bismilla ya saki kuloci, babur ya zabura ya mutu. Karo na biyu ya tafi.

Hanyar faɗinta bai wuce na keken alfadari ba. Hagu bangon dutse, dama kuma kwazazzabo, can ƙasa manyan bishiyoyi sun zama kamar ciyawa. Assu bai yarda ya kalli dama ba. Ya bar babur a giya ta ɗaya yana kuka, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin tayar gaba. Kafaɗunsa suka ƙage, gumi yana shiga masa ido ba halin sharewa. Duk sanda Yidir ya motsa a baya, babur ɗin gaba ɗaya sai ya karkata.

"Da wannan gudun gara mu taka da ƙafa," in ji Yidir. "Sa ta biyu."

"Rufe mini baki."

Amma ya sa. A kwanar farko mai tsanani ya ce "Ƙafa," Yidir ya sauke ƙafafu suka lallaba suka juya. Haka a ta biyu da ta uku. Wajen ta biyar ya ce "Ƙafa," sai ƙafa ɗaya ce ta sauka, ita ma tana jan ƙasa. Ya ji goshin Yidir ya sauko ya kwanta masa a keya, da zafi da nauyi.

"Yidir. Yi mini magana."

"Amai nake ji."

"Yi abinka a bayana, rigar aiki ce. Amyoyinka nawa ne?"

"Arba'in da biyu."

"Ƙarya kake, ƙaton banza. Lissafo mini su tun daga ta bakin rafi."

Yidir ya fara lissafi, harshensa yana nauyi. Ya kai goma sha ɗaya ya koma bakwai. Assu ya ci gaba da zaginsa, da ci, da munshari, da takalmin da sai an yi masa oda daga birnin Kazabalanka, duk abin da ya zo bakinsa, don dai ya ji an amsa. Cikin ransa kuwa fuskar matarsa Tuda yake gani. Ita ta goyi Yidir bayan rasuwar uwarsu, kuma da safen nan ta tsaya a ƙofa ta ce su dawo kafin azahar, ta ɗora tukunya.

Sun wuce mashigin rafi da kyar, ruwa ya jiƙa su har gwiwa. Suna hawowa ya hango wani tsoho tafe da alfadari ɗauke da ciyawa, kayan sun cika hanyar. Assu ya danna oda, ya yi kira, tsohon bai waiwayo ba. Babu wurin ratsewa.

"Ƙafa, Yidir. Ƙafa."

Ƙafafun suna reto a gefe kamar na gawa.

In Assu ya taka birki a tsakiyar hanya, duk inda nauyin ya ga dama nan za su faɗi, kuma rawani ya haɗa su. Ya matsa hagu har hannun babur yana gogar bango, ya kama birki a hankali, ya jingina su duka a jikin dutsen. Kafaɗarsa da gwiwarsa suka daku, tsohuwar karayar ƙugunsa ta amsa har cikin haƙora. Babur ya tsaya a karkace, injin bai mutu ba, saboda ya maƙale kuloci da duk ƙarfin da ya rage masa.

Sai a lokacin tsohon ya juyo. Ya dubi fuskar Yidir, ya dubi hannun da ya kumbura har gwiwar hannu ya yi baƙi. Ya ja alfadarin ya cusa shi wani lungu, ya dawo ya sa kafaɗa ya miƙar da babur daga jikin bango.

"Tafi, ɗana. Na riƙe."

Ya bi su da turi taku huɗu ko biyar sannan ya saki.

Sauran kilomita shida Assu bai san yadda ya yi su ba. Abin da ya sani, numfashin Yidir yana bugun wuyansa, shi yake saurare. Da suka shiga Imi ya hango farin ginin asibitin da maza zaune a shagon shayi na kusa, ya kuma tuna nan ba bangon jingina, ba ƙafar da za ta tsayar da su. Ya wuce ƙofar, ya kewaya filin yana kira.

"Ku tare mu, jama'a. Maciji ne. Ba zan iya tsayawa ba."

Sai a zagaye na biyu suka gane. Mutum biyar suka taso suka bi babur ɗin da gudu suka riƙe shi ta kowane gefe, wani ya yanke rawanin da wuƙar yanka burodi. Su huɗu suka ɗauki Yidir. Ma'aikaciyar jinyar asibitin ta sa masa ruwa, ta kira motar asibiti daga garin Tingir, ta ce da sauran numfashi mai kyau, amma kada kowa ya yi mata alkawarin komai game da hannun.

Assu ya zauna a dakalin ƙofa. Aka miƙo masa shayi, ya ajiye kofin a gefe. Ya ciro waya, ya daɗe yana kallon sunan Tuda kafin ya danna.

Yidir ya yi kwana tara a asibitin Tingir. Ya fito da hannunsa, sai dai babban yatsan bai ƙara lanƙwasuwa sosai ba. Babur ɗin ya yi mako biyu a bayan shagon shayin Imi an lulluɓe shi da buhu. Da aka ce wa Assu ya je ya hawo shi, ya ce a'a, ya nemi mai a-kori-kura ya ɗauko shi zuwa gareji.