Yatsan Ƙafar Baba Gabdo

Bayan mutane sun dawo Mubi daga gudun hijira, ofishin gonar da Baba Gabdo ke aikin masinja ya samu sabon fenti da wata na'ura a jikin bango. Duk wanda ya zo aiki sai ya dangwala mata yatsa, ita kuma ta yi masa godiya da muryar mace.

Samarin ofis suka yi ta murna. Rufa'i, malamin gona, har hoto ya ɗauka da ita. Baba Gabdo kuwa ya ce shi ba zai miƙa wa bango hannu ba da furfurarsa.

Khaulat mai kula da kwamfuta ta lallashe shi. "Baba, ba ta cizo. Ɗora kawai."

Ya ɗora. Na'ura ta yi ja, ta ƙi. Aka gwada duk yatsun hannunsa, ba ta karɓi ko ɗaya ba, domin fartanya ta cinye zanensu a gonarsa ta Bahuli.

"Kin gani ko, 'yata? Ta raina ni. Kowa ta gode masa, ni ko sannu."

Khaulat ta dube shi sama da ƙasa. "Baba, cire takalmi."

Aka kawo kujera. Rufa'i ya riƙe shi ta baya, Baba ya ɗaga ƙafa yana salati. Babban yatsa na taɓawa sai na'ura ta yi kore, ta yi godiya. Baba ya washe baki. "Ashe tana da tarbiyya!"

Da wata ya ƙare, sai abu ya juye. Samarin da suka saba sa wa juna hannu a littafin zuwa aiki su wuce kasuwa suka gane na'ura ba ta san abota ba. Rufa'i ya fara kiranta munafuka. Baba Gabdo kuma, wanda tun da can yake rigan kowa zuwa ba wanda ya taɓa lura, ya ji Darakta ya yaba masa a gaban taro. Daga ranar ya zama mai gadinta. Yana goge ta da gefen rawaninsa, in aka ɗauke wuta shi ke tada janareta.

Wata safiya wani babba daga Yola ya shigo duba aiki, ya tarar da dattijo ƙafa ɗaya a bango, wando ya zazzago, yana cewa, "Ina kwana, Hajiya."

Da aka yi masa bayani, ya ce wannan wahalar da tsoho ce, a sauko da na'urar ƙasa yau ɗin nan.

Aka sauko da ita daidai idon sawu. Tun daga lokacin Baba yakan zo ya taka ya wuce abinsa, sauran kuwa sai sun durƙusa. Darakta, mai ƙaton tumbi, sai mutum biyu sun ɗago shi, kuma ɗaya daga ciki kullum Rufa'i ne.