Ranar da Ƙararrawar Otis Ta Yi Shiru

Ranar ƙarshe ta farautar bana, rana uku ce ta fito. Ta gasken tana tsakiya, fara fat ba zafi, sai wasu biyu a gefe da gefe, dishi-dishi, kamar an goga su da yatsa a jikin gilashi. Haka sararin Dakota yake yi idan sanyin ƙarshen Janairu ya kai maƙura. Na tsaya a bakin gareji ina kallonsu har kofin da ke hannuna ya huce.

"Lowell, kai da karen nan ba wanda ya fi wani hankali," in ji matata Ardis daga bakin ƙofa. "Likita fa cewa ya yi a bar shi ya huta."

"Likita cewa ya yi ba zai ga kaka mai zuwa ba. Hutun me kuma ya rage?"

Otis yana gefena yana kaɗa guntun jelarsa, bai san da shi ake ba. Shekararsa goma sha uku. Gemunsa ya yi fari, ƙugunsa ya saki, kunne kuwa ya toshe ƙurmus tun bara, ko usur ka busa a kansa ba zai waiwayo ba. Hancin ne kawai bai tsufa ba. Tun watan Nuwamba rabonsa da ɗauko tsuntsu a baki, kuma abin yana cina. Ba wani abu mai yawa nake nema ba. Zakaran daji ɗaya tak, ya nuna mini, in harbo, ya kawo. Daga nan ya je ya kwanta gindin murhu har ranar da za ta zo.

"Ka dai san inda zakarun suke," in ji Ardis.

"Na sani."

"Waya ɗaya ce fa."

"Ba ni da lambar."

"Ƙanina ne, tsoho. Lambarsa tana manne a jikin firij shekara goma sha biyu, kullum kana buɗe shi kana cinye mini cuku."

Na ciccibi Otis na sa shi a gaban a-kori-kurata, don ya daina iya tsalle. Ardis ta miƙo filas da burodi a takarda, ta koma ciki.

Ƙanin nata shi ne Delmar Kautz, kuma abin da ya shiga tsakaninmu ƙofa ce. Duk wanda ya tashi cikin masu shanu ya san ƙa'ida: ƙofar shinge, yadda ka same ta haka za ka bar ta. Ni ma na sani sarai. Amma wata ranar Disamba, lokacin Otis yana ɗan kwikwiyo, na fito daga fadamar Delmar na tarar da ƙofar makiyayarsa a wangale. Nan take na ɗora wa 'yan birni laifi, masu zuwa da sababbin takalma suna harbin iska. Na zage su tas, na ja ƙofar na ɗaure ta tamau, na tafi gida ina jin na yi abin kirki. Ashe Delmar ne ya buɗe ta da hannunsa, don ya ji a rediyo guguwar ƙanƙara na tafe, yana so shanunsa su gangara cikin itatuwa su fake. Guguwar ta zo, shanun suka bi hanyar da suka sani, suka tarar da ita a rufe. Tara suka mutu a tsaye, jingine da waya.

Delmar bai yi ihu ba. Cewa kawai ya yi kada ya ƙara ganin sawuna a ƙasarsa. Ni kuma, maimakon in ba da haƙuri, sai bakina ya riga ni, na ce ai da sai ya rataya takarda a jikin ƙofar. Mako na zagayowa ya bi bakin titi ya kafa allunan hana farauta. Tun daga nan Ardis take cin Kirsimeti sau biyu, da rana a gidansa, da yamma a nawa. Otis ɗin ma shi ya ba ni, daga cikin 'ya'yan karyarsa.

Filin gwamnati yana manne da ƙasar Delmar ta arewa, shingen waya ne kawai tsakani. A watan Oktoba motoci har layi suke yi a bakinsa. Yau ni kaɗai ne. Na jira goma ta buga, lokacin da doka ta yarda a fara harbi, na tura murfin motar a hankali har ya kama ba tare da ƙara ba. Zakarun da suka kai Janairu da rai sun ga duniya. Murfin mota kaɗai suka ji sai ka hango su can nesa suna tashi, suna yi maka dariyar nan tasu mai kama da tsohon inji. Na ɗaura wa Otis ƙararrawarsa a wuya. Da ita nake bin sa cikin ciyawa: muddin tana kaɗawa yana tafiya, idan ta yi shiru ya ƙame a kan tsuntsu.

Muka shiga. Ƙanƙara ta kwanta a kan komai, ba iska ko kaɗan, ciyawar ta yi furfura tun daga tushe har kai. Wasu ƙananan ƙyalli suna yawo a sarari, ba sauka suke ba, ba tashi suke ba. Ba na jin komai sai takuna da ƙil-ƙil ɗin ƙararrawa. Na ce a raina wataƙila haka duniyar Otis take yanzu kullum, fara, shiru, sai ƙamshi iri-iri yana ratsa ta. Wani lokaci in na ɗaga kai sai in ga kamar kwikwiyon nan ne a gabana, mai manyan ƙafafu, yana faɗawa rami yana fitowa da ƙanƙara a hanci. In ƙifta ido, sai tsohon ya dawo, yana jan ƙafar baya.

Awa huɗu muna zagaye. Sawun tsuntsu ko'ina, amma duk kansu ɗaya suka nufa, kudu, wajen shinge. Kaza biyu muka tayar, na bi su da ido kawai, don mace ba a harbinta. Muka zauna a kan wani dunƙulen ciyawa na raba burodin biyu, na ba shi babban rabon. Daga nan ina hango fadamar Delmar, doguwar ciyawar kacala ta cika ta maƙil, ruwan zinariya a tsakiyar farin fili. Kowane zakara mai hankali a yankin nan can yake kwana. Haushi ya kama ni, na juya mata baya.

Ranakun nan uku sun fara gangarawa sa'ad da Otis ya ɗaga kai. Jelarsa ta soma rawa. Ya sa hanci ƙasa ya kama wani sawu sabo fil, mai jan layin doguwar jela a bayansa, ya bi shi da saurin da na manta yana da shi. Zakaran ba tashi ya yi ba, gudu yake ta ƙarƙashin ciyawa, kai tsaye zuwa shinge. Na busa usur. Na ƙwala masa kira. Wauta ce, na sani, amma na yi. Ina gani ya kwanta ya shige ta ƙarƙashin waya, ya gangara, kacala ta haɗiye shi. Ƙararrawar ta yi ta nisa, ƙil, ƙil, ƙil. Sai ta yi shiru.

Na tsaya riƙe da wayar shingen ina ƙirga numfashina. Shirun nan ma'anarsa ɗaya ce a da. Yau kuwa ba ni da tabbas, don akwai idon ruwa a tsakiyar fadamar da ba ya daskarewa sosai, kuma zuciyar kare mai shekara goma sha uku ba ta yin sallama. Minti biyar. Minti goma. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ina yaro.

Shiga ƙasar mutum da bindiga ba izini, wannan ko maƙiyina ba zan yi wa ba. Na buɗe bindigar, na zare harsashi biyun na sa a aljihu, na rataye ta a kan turken shinge. Gwiwoyina ba su da tsallake waya huɗu, sai na bi jikin shingen ina haki har kusurwa, inda na san akwai ƙofa. Ita ce dai. Shekara goma sha biyu ko kallon wajen ba na yi. Na same ta a buɗe, an ja ta baya an ɗaure a jikin turke, ƙanƙara ta binne rabinta. Ban tsaya tunani ba, na wuce.

Cikin kacala wata duniya ce. Ta fi ni tsawo, duk inda na taɓa sai audugarta ta fashe ta tashi, ta yi ta yawo a cikin hasken yamma. Ba gabas ba yamma. Na bi sawunsa, a wani wurin da rarrafe, ina kiran sunan da ba zai ji ba. Sai na fito wani ɗan sarari, na gan shi.

Yana tsaye. Ƙafar gaba ɗaya a ɗage, wuya a miƙe, jela kyam. Auduga da ƙanƙara sun sauka a gadon bayansa sun zauna. Ƙafafun bayansa suna karkarwa kamar za su zube, amma bai motsa ba. Ido kawai ya juyo ya dube ni, irin kallon nan na ina ka tsaya. Ya fi minti ashirin yana riƙe da zakaran nan, yana jira in zo. Ga ni na zo, hannu rabbana. Na durƙusa a ƙanƙara, hawaye suna daskarewa a gemuna, na rasa yadda zan gaya masa.

"Wane sakarai ne ya rataye mini bindiga a shinge kamar wanki?"

Na waiwaya. Delmar ne, ya ƙara ƙiba, gashin bakinsa ya yi fari, hular nan tasa mai kunnuwa tana nan. Bindigata tana saɓe a hannunsa.

"Ina kai wa shanu ciyawa na ji wani yana ta ihu," ya ce, murya ƙasa-ƙasa don kada tsuntsun ya tashi. "Na ce wannan muryar jakin na san ta."

"Delmar, kare na zo ɗauka. Yanzu zan fita."

"Kare ka zo ɗauka. Dube shi mana! Uwarsa ma haka take, sai ta mutu a tsaye ba ta saki ba. Kai kuma ka zo masa hannu biyu kamar mai zuwa coci." Ya miƙo bindigar. "Ungo. Ko harsashin ma a gida ka baro?"

Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, da ƙyar na zura harsashin biyu. Delmar ya zagaya ta gaban Otis a hankali, ya sa ƙafa ya shuri tushen kacalar. Ƙasa ta fashe. Ja, kore, farin zobe a wuya, doguwar jela tana kaɗawa, duk a cikin hasken nan mai ruwan zuma.

"Zakara!" in ji Delmar da ƙarfi, yadda muke yi tun muna samari.

Harbin farko na zubar a iska. "Kai, Lowell!" Na biyu ya same shi. Ya naɗe fukafukai ya faɗo can gefen sararin, gashinsa ya rage a sama yana saukowa ɗaya bayan ɗaya.

Otis bai ji harbin ba, amma ya ga faɗuwar. Ya tafi a hankali, ƙararrawa na kaɗawa. Ya daɗe. Da ya dawo, kansa a sama yake, jelar zakaran tana jan ƙanƙara, ya zo ya sa mini shi a hannu da ɗuminsa, ko gashi ɗaya bai tauna ba. Sannan ƙafafun bayan suka ƙi, ya zauna daɓas. Na rungume shi na daɗe ban ɗago ba. Delmar ya juya yana gyaran hular da ba abin da ya same ta.

Na miƙa masa zakaran, don na farko na mai ƙasa ne.

"Kai wa Ardis," ya ce. "Ka ce ta yi shi da kirim ɗin madara irin na Mama. In ya nuna ta kira ni, lambar ai tana jikin firij."

Shi ya ɗauki bindiga da tsuntsu, ni na saɓa Otis a kafaɗa. Ranakun gefe sun ɓace, saura ta gasken, ja, a bakin ƙasa. Da muka iso ƙofar na tsaya, wannan karon na dube ta da kyau. Wayar da aka ɗaure ta da ita ta yi tsatsa har ta nutse cikin itacen. Busasshiyar ciyawa ta shekaru ta saƙe ta daga ƙasa.

"Tun yaushe take haka?" na ce.

"Tun bazarar da ta biyo baya. Allunan na 'yan birni ne. Kai ne dai ba ka taɓa zuwa ka duba ba."

"Delmar, shanun nan tara..."

"Goma. Ɗaya tana da ciki." Ya ja hanci, ya dubi fadamar. "Na ji. Wuce, karen nan yana jin sanyi."

Na fita, na juyo, hannuna ya kai kan turken da kansa.

"In rufe?"

"Yaya ka same ta?"

Na ɗauke hannuna. Muka bi jikin shinge zuwa mota, yana gaba ina baya, ƙararrawar Otis tana kaɗawa a gefen kunnena.