Amfilifayar Alhaji Jibo

Duk wanda ya taɓa yin wa'azi, ko taron siyasa, ko ɗaurin aure mai jama'a tsakanin Talata Mafara, Bakura da Maradun, da wuya idan muryarsa ba ta bi ta wayoyin Hamma ba. Ɗan Fulanin Kaya ne, ya ajiye sanda tun yana saurayi ya kama gyaran rediyo, daga nan ya faɗa harkar lasifika, har ya kafa shago a Mafara, bakin titin Gusau zuwa Sakkwato. Ba shi da yawan magana, amma yana da wani kallo wanda idan ya yi maka, sai ka duba ko a baibai ka sa rigarka.

Babu wanda ya sha wannan kallo kamar Alhaji Jibo, dillalin shanu a Bakura. Hamma ya san shi tun yana riƙe wa mutane igiya a kara, kasuwar shanu. Allah ya buɗa masa, ya gina Islamiyya, ya sa aka rubuta sunansa a bango da haruffan da suka kusa kai ƙofar makarantar tsawo. Da 'yan mata goma sha takwas suka sauke Alƙur'ani, ya ce za a yi walimar da ba a taɓa yi ba. Ya tafi Kano ya sayo amfilifaya, injin ƙara ƙarfin murya, mai layi huɗu. Bai tambayi kowa ba. Uku ya ɗaga a shagon, ya zaɓi wadda ta fi nauyi, kamar mai cinikin rago.

Abin haushin, injin mai kyau ne. Ranar Alhamis da Hamma ya je haɗawa ya buɗe kwalin, sai da ya yi tsaki. Dokin kirki ya faɗa hannun wanda bai san linzami ba.

Shugabar makarantar, Malama Ummukulsum, ita ta zagaya da shi. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, gajera, mai tabarau. Bayan sun gama doguwar gaisuwa ta nuna masa zauren da yaran za su yi karatu, inda manyan baƙi za su zauna, da filin da za a kafa rumfar maza, da na mata can bayan katanga.

“Abu guda nika so, Malam Hamma,” in ji ta. “Iyaye mata su ji ɗiyansu. Shekara bakwai suna tashinsu da asuba. Sauran duk ado ne.”

Hamma ya kama aiki. Ya ɗora injin kan benci a kusurwar da iska ke ratsawa, ya bar taƙi guda tsakaninsa da bango don fankarsa ta samu numfashi. Ya sa sitabilaiza tsakaninsa da janareta. Kowace lasifika sai da ya gwada ta da mita kafin ya ja mata waya, ja ga ja, baƙi ga baƙi. Layi na ɗaya ya ba zaure, na biyu rumfar maza, na uku rumfar mata, na huɗu kuma manyan hon biyu, lasifikokin nan masu faɗin baki, na kan rufi. Ya naɗa salatif a jikin kowace waya ya rubuta inda ta nufa. Sannan ya mayar da duk maɓallan ƙasa, ya kunna mikza, wato ƙaramin injin da makirufo ke shiga, ya kunna amfilifayar daga ƙarshe. Ya riƙa ɗaga layukan ɗaya bayan ɗaya har korayen fitilu suka fara rawa, ya tsaya kafin ja ta leƙo. Ya zagaya ko'ina ya saurara. Murya tas, kamar mutum na gefenka.

Bayan azahar sai ga Alhaji Jibo a a-kori-kura, da wasu hon huɗu a baya, da ƙanin matarsa Sadiƙ, mai sayar da wayoyin hannu, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Alhaji ya karɓi makirufo ya hura, ya yi gyaran murya, ya ɓata fuska.

“Iyakarta ke nan? Ni so nike a ji ni har kara. Har gidan Lawal nika son ta kai, ko toshe kunne ya yi.”

Lawal abokin hamayyarsa ne a dillanci, shi ma ya gina masallaci bara.

“Walima za a yi, Alhaji, ba shelar ɓatan saniya ba,” in ji Hamma.

“A cire na mata a ƙara ma na sama. Mi za su ji? Su da surutu za su yi. In ka toshe hanyar ruwa guda a madatsar Bakalori, ba sai ya ƙaru ga sauran ba?”

“Wanga ba ruwa ba ne. Shanun huɗa huɗu ne, kowane da garmarsa. In ka kwance guda, sauran ba su ƙara ƙarfi.”

Sadiƙ ya yi murmushin wanda ya kama ɓarawo. “Alhaji, akwai wani maɓalli a baya. In an tura shi, layi biyu su koma ɗaya, ƙarfi ya ninka. Na gani a bidiyo.”

Hamma ya dube shi daga takalmi mai tsini har gilashin da ya kafa a goshi. “Akwai shi. Bidiyon bai gaya maka in ka haɗa su, kayan da za su iya ɗauka raguwa shika yi ba? Hon biyu, iyaka. Ka rataya shida, ka ɗora ma jaki kayan raƙumi.”

“Tsoro ne irin na tsohon hannu,” in ji Alhaji, yana dariya. “Ka yi naka, Allah shi saka. Injiniya zai ƙarasa.”

Hamma ya juya ga kayansa. Ya tattara filaya da sukundireba da mitarsa, ya ɗaure jaka a bayan babur. Har ya kai Mafara yana jin wani sanyi-sanyi a ransa, irin na wanda ya ga maƙiyinsa ya doshi rijiya.

Ranar Asabar da safe ya ɗauko matarsa Safara'u suka koma Bakura, don 'yar ƙanwarta Ihsan tana cikin masu sauka. Abin da ya ce ya kawo shi ke nan. Jakar kayan aikin dai tana ɗaure a babur. Safara'u ta wuce wajen mata, shi kuma ya leƙa zaure ta taga.

Abin da ya gani ya wuce fatansa. An sauke injin daga benci an sa shi cikin kwabar gilashi, an shimfiɗa masa ƙyallen karan-miski mai geza, an ɗora furen roba a kai. Duk maɓallan an murɗe su ƙarshe. Wayar da ya rubuta wa “mata” tana yashe a ƙasa. A kan rufi kuwa hon shida sun buɗe baki, duk sun fuskanci kara. Hamma ya samu kujera a ƙarshen rumfar maza, ya ciro goro ya ɓantara.

Aka buɗe taro da addu'a, Alhaji Jibo ya karɓi makirufo. Sallamarsa kaɗai sai da tantabarun unguwa suka tashi. Murya ta fito a farfashe kamar ana yaga kwano, bayanta wani kuka mai tsinin allura. Tsofaffi suka toshe kunne, wani akuya ya tsinke igiya. Alhaji kuwa daɗi ya kama shi. Ya fara tarihinsa daga ranar da ya sayar da ɗan maraƙinsa na fari. Ya bi ta kan buhunan simintin da makarantar ta ci. Ya yi habaici ga “masu gina masallaci kamar akurkin kaji”. Ta taga Hamma yana hango jajayen fitilu biyu sun tsaya cak a cikin kwaba, Sadiƙ na gefe yana ɗaukar kansa hoto.

Minti ashirin da 'yan kai aka yi. Alhaji yana cewa, “Ni Jibo, ban taɓa...” sai ji kake ɗif. Bakinsa na motsi, babu abin da ke fita. Warin ƙonannen roba ya biyo iska.

Hamma ya tauna goronsa a hankali. Rabon da goro ya yi masa zaƙi haka har ya manta.

Sadiƙ ya kashe ya kunna, ya bubbuga kwaba, ya fita ya zagi janareta, wanda yake ta aikinsa lafiya lau. Jama'a suka fara gunaguni. Can wani ya hango Hamma ya raɗa wa Alhaji, aka aiko a kira shi.

“Ku ce mai Injiniya shina nan,” in ji Hamma. “Ni tsohon hannu ne, walima niz zo ci.”

Aka sake aikowa, ya ba da amsa iri ɗaya. Rana ta ɗaga, kujeru suka fara zafi, wasu suka soma zamewa. Ya fi rabin awa a zaune yana kaɗa ƙafa.

Sai ga Malama Ummukulsum ta ratso rumfar maza, abin da ba a saba gani ba, maza na janye ƙafafu. Ta tsaya a kansa. Ba ta gaishe shi ba.

“Malam Hamma, tun shekaranjiya ka san haka za ta faru?”

“Na faɗa musu, Malama.”

“Su ka faɗa ma. Ni da na roƙe ka abu guda, ka zo ka gaya min an cire? Ofishina taku goma ne daga inda ka ɗaure jakarka.” Ta gyara tabarau. “Tun safe mata na bayan katanga, ba su jin komi sai rugugi daga sama. Yara sha takwas na zaune cikin zafi, wata har ta fara kuka. Shi wancan jahilci ne ya yi mai yawa, an san da wannan. Kai da ka sani fa? Ka zo da gemunka ka zauna kallon kokawa. Ni ban ga wanda ya fi wani ba cikinku.”

Ta juya ta tafi. Kallon da ta yi masa kafin ta juya, Hamma ya gane shi sarai, don shi ya saba yi wa mutane. Waɗanda ke kusa suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Ya tofar da goron, ya je ya kwanto jakarsa.

A zaure bai dubi Alhaji ba. Ya kashe wuta, ya yaye karan-miski da furen ya miƙa wa Sadiƙ. “Riƙe, Injiniya. Wanga aikin ka iya.” Injin ya yi zafin da sai da ya sa hularsa ya ciro shi daga kwaba. Ya kwance murfin. Ɓangaren layi na uku da na huɗu ya yi baƙi ƙirin, amma injin gida biyu ne, kowane da fis ɗinsa. Ya zare wayoyin hon, ya raba ƙonannen ɓangaren da wuta, ya sa aka juyo fankar zaure ta yi ta hura sauran. Da ya huce ya gwada da mita. Na ɗaya da na biyu suna da rai.

“Layi biyu sunka rage,” in ji shi.

“To a ba hon guda, a bar muna guda nan ciki,” in ji Alhaji da sauri. “Ban ƙare jawabi ba.”

Hamma ya bar rumfar maza a layinta. Ya zare wayar zaure, ya ɗauko wadda ke yashe a ƙasa, ya busa mata ƙura ya ɗaura a gurbin.

“Mu fa?” in ji Alhaji. “Manyan baƙi fa?”

“Kuna da kunnuwa, ga yaran nan gabanku. Wanda bai ji ba shi matso.”

Ya mayar da maɓallai ƙasa, ya kunna mikza, ya kunna injin, ya ɗaga a hankali. Alhaji ya miƙo hannu, amma Malama ta riga shi ɗaukar makirufo, ta ba yarinyar farko. Muryar yarinyar ta fara da rawa, sannan ta daidaita. A zaure manya suka yi tsit dole, har da masu jawo kujera gaba. Daga bayan katanga aka ji surutun mata ya mutu lokaci guda, can kuma wata ta rangaɗa guɗa, aka yi ta ce mata ta bari a ji. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har sha takwas. Hamma na tsugune gefen injin, yatsansa a kan maɓalli, yana ƙara wa mai siririyar murya, yana rage wa mai ƙarfi. Da aka gama, liman ya shafa fatiha, aka shigo da abinci. Jawabin Alhaji bai samu gurbi ba.

Ana cin shinkafa Hamma ya ji Alhaji yana gaya wa baƙi cewa kayan zamani duk jabu ne, shi ya ba da shawarar a buɗe injin a duba. Sadiƙ kuwa ya ɓace. Malama ta zo ta ce a nuna mata abin da ake fara kunnawa da abin da ake fara kashewa. Ya nuna mata sau ɗaya, ta maimaita babu kuskure, ta sa aka kai injin ofishinta ta kulle. Ta ce ranar Talata za ta aiko masa da shi a gyara ɗaya ɓangaren. Godiya dai ba ta yi ba.

Da la'asar suka kamo hanyar Mafara, Safara'u na baya riƙe da ƙullin naman walima. Sun wuce gonakin shinkafa kafin ta yi magana.

“Ihsan ta yi karatu mai kyau. Uwarta har da hawaye.”

“Madalla.”

“An ce tun farko kana rumfa zaune.”

Hamma ya kauce wa wani rami.

“Mu muna can rana na dukanmu, muna cewa ina ma Hamma na kusa.”

“Riƙe da kyau,” in ji shi. “Gaba hanyar ba ta da kyau.”