Katangar Dutse a Tsibirin Öland

Baba Tizhe bai taɓa barin gonarsa ta Betso a watan shuka ba sai bana. Ɗansa Nicholas, mai aikin jinya a Suwidin, ya aiko da tikiti biyu, wai hutun mako guda a wani tsibiri, Öland. Tsoho ya ce a kai kasuwa. Matarsa Roda ce ta kashe bakinsa: "Jikarka shekara biyar ba ta san fuskarka ba. Dawa zai jira."

To, ga shi ya zo, amma jikar tasa, Eva, ko kallo bai ishe ta ba. In ya miƙa hannu sai ta ɓuya bayan uwarta. Ba ta jin Hausa, balle Kamwe, yaren kakan nata. Abin ya ci masa rai ƙwarai, bai dai gaya wa kowa ba.

Kwana biyar ana yawo da shi. An nuna masa injinan niƙa na katako masu aiki da iska, da kaburburan mutanen da, da wani fili fetal inda tumaki ke kiwo babu makiyayi. Shi dai "madalla" yake ta cewa, idonsa na kan yarinyar. Saura kwana biyu.

Da safe ya zagaya bayan gidan da suka sauka, sai ga katangar dutse irin ta tsaunukan Michika, ba siminti ba laka, gefe guda ya zube. Hannu ya ƙi haƙuri. Ya naɗe riga ya durƙusa.

"Haba Baba! Katangan nan ya fi shekara ɗari, kuma ba namu ba ne," in ji Nicholas.

"Shi ya sa yake son gyara."

Tsohuwar da ke da gidan ta leƙo, ta ga aiki, ta koma ta kawo kofi.

Yana cikin juya wani dutse yana nema masa mazauni, sai aka taɓa kafaɗarsa. Eva ce, rungume da wani dunƙulallen dutse da maginin kirki ba zai ko kalla ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora, ya tokare shi da tsakuwa. Dutsen ya zauna a karkace.

Ta ruga ta kawo wani, ta faɗi wata magana da yarensu.

"Me ta ce?"

Nicholas ya yi gyaran murya. "Wai kar ka gama da wuri."

Tizhe ya sunkuyar da kai, a hankali ya zare duwatsu uku daga waɗanda ya riga ya jera.